Sani Musa biyu, buhu ɗaya

Muna tsakar rabon irin masara a Gozaki, na kira Sani Musa, sai mutum biyu suka miƙe.

Na duba jerin sunayen, sau ɗaya sunan ya fito. Ni na yi wa ɗaya rajista a wayata, abokin aikina ya yi wa ɗayan a tasa, lokacin babu sabis. Da muka tura bayanan ofis a Malumfashi, kwamfuta ta ɗauka mutum ɗaya ne, ta haɗe su. Buhu ɗaya ya rage, ga damina ta sauka.

Da na yi musu bayani, dattijon cikinsu ya dube ni. "Malam, wa aka goge a cikinmu?"

"Baba, wallahi kwamfutar ma ba ta sani ba."

Har yanzu tambayarsa tana damuna. Da ku ne, wa za ku miƙa wa buhun?