Dangwali a Gidan Yari

A shekarun da aka ba mu sabuwar jiha, ni ke kai kaba da rama gidan yari, inda fursunoni ke saƙar tabarma da kwando don kada zaman banza ya cinye musu hankali. Daga Yerimaram nake ɗauko kayan a ka. Ba na wasa da kowa a wurin. In na sauke, sai in zauna gindin dalbejiya in sa ido, don na san hannayen da ke ɓarnar kaba.

Akwai wani Bafulatani da aka kawo daga wajen Nangere, kan rigimar gona da shanu. Ba ya magana, tuwo ma a gabansa yake bushewa. Idonsa kullum na kan katanga, kamar yana hango wani abu a bayanta. Wata rana ya jawo rama ya hau tufka a cinya. Kwana uku igiya tana tsawo, har ya soma taɓa abinci.

A rana ta huɗu na tarar sajan gandurobobi ya ƙwace ta.

"Iya, ramarki za ta jawo mana gawa," in ji shi. "Kin ga zarge? Rataye kansa zai yi."

Na karɓa na warware. Zargen ba ɗaya ba ne, bakwai ne a jere, kowanne da tazararsa.

"Saje, wuya nawa Allah ya ba shi?"

Na mayar masa da igiyar na ce:

"Kai ɗan gari ne, a ƙwarya kawai ka san nono. Wannan dangwali ne, igiyar da ake ɗaure maruƙa kafin a tatsi iyayensu."

"In ya mutu fa, Iya?"

"Ka ba shi nan fili, a kan idona. In na tashi tafiya ka karɓe. In kun hana shi ma ai mutuwar ce, a zaune."

Saje ya yi ta juya igiyar, can ya miƙa.

Bafulatanin ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya durƙusa yana bin zargen ɗaya bayan ɗaya, yana shafa iska a saman kowanne, daidai inda kan maraƙi zai kai. Leɓensa na motsi. Ni ba mai yawan mafarki ba ce, amma ran nan na ji ƙamshin hayaƙin ruga. Katangar ta yi shara-shara kamar mayafi, na ga fararen shanu suna ratsowa a hankali, raɓa a gadon bayansu, ba ƙarar kofato. Masu saƙa ma duk hannunsu ya tsaya. Ban san ko abin da na gani suka gani ba, ban kuma tambaya ba.

Da ya kai zarge na ƙarshe sai ya ɗago.

"Inna, gobe ki ƙaro rama. Na baro shanu biyu da ciki, yanzu kam sun haihu."

Ran nan na fara jin muryarsa, siririya, Hausar tana karkacewa. Na ƙaro masa, na ci gaba da zama a kansa, har ranar da aka sallame shi ya fita da ƙafarsa.