Yadda Muka Daina Tambayar Baba Gyara

Shekara talatin da ɗaya Baba Gyara ya yi yana duba rubutu a maɗaba'armu. Ni kuwa shekarata tara ina buga abin da yake dubawa, kuma in ana neman mai baki a gidan nan, ni ake nunawa.

Ofishinsa na can ƙarshen baranda, jikin ɗakin ajiye takardu. Taga ɗaya ce, ita ma bango take kallo. Tebur, fanka mai kuka, jan biro uku a cikin kofi, sai kujerar baƙo da ya ɗaure mata ƙafa da waya. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, 'ya'yansa biyu suna nesa, sai dai waya jefi-jefi. Shi kaɗai yake cin abincin rana, a kan tsohuwar jarida.

Amma kujerar nan ba ta yin sanyi. Duk ƙa'idar rubutun gidanmu a wurinsa take, cikin wani baƙin kundi da yake kullewa a durowa. Yaya ake rubuta kwanan wata? Lamba nawa ake rubutawa da kalmomi, daga ina ake komawa alƙaluma? Sunan littafi a kwantar da shi ko a ja masa layi? Sai ka taka har wurinsa. Kai kuwa in ka zauna, ka zaunu. Zai ba ka amsa, ya ɗora maka labarin editocin da suka yi kwana uku suna musu a kai, da wanda ya ci. Tambayar minti ɗaya sai ta cinye rabin awa.

Abin yana ƙona min rai, ba zan ɓoye ba. Lokacin da ya yi zazzaɓi na mako guda muka fitar da littafi mai kwanan wata iri uku, marubucin ya zo ya wanke mu tas. Da Baba ya dawo na tare shi.

"Baba, don Allah wannan kundi naka na gado ne? Ka ba ni in buga, kowa ya samu nasa."

"Ai ina nan, 'yata. Mai tambaya ya zo."

"In ba ka nan fa?"

Sai ya hau juya biro a hannu. Na bi shi wata biyu, na haɗa da manaja, na haɗa da zolaya, har ina ce masa rowar ilimi ta fi rowar gishiri muni. Wata safiya sai ga shi da kansa a bakin teburina. Ya ajiye kundin ya ce, "Ƙa'idojin kawai za ki ɗauka. Labaran da ke gefe ki bar min."

Shafi goma sha biyu suka fito, tsaf. Aka raba wa kowa, har mai haɗa shafi. Kuma wallahi abin ya yi amfani. Littattafanmu suka zama bai ɗaya, sababbin ma'aikata suka daina lalube, musu ya ƙare, marubuta suka fara roƙon a ba su kwafi. Manaja ya yaba min a gaban jama'a, na yi ta fankama.

Na fi wata uku ban lura ba. Ran nan na je ɗauko takarda, na ga ƙofarsa a buɗe, alhali a da sai an tura ta ake shiga. Ya jawo teburin kusa da ita yadda zai ga mai wucewa. An jibge tsofaffin fayiloli a kan kujerar baƙo. Na tambayi mai shara, ta ce tun da aka raba takardar nan, ban da ita ba mai shiga, ita ma sannu da aiki ce kawai.

Nan na gane. Ashe ba rowa yake yi ba. Mutumin da zai koma gida ya tarar ba mai ce masa sannu da zuwa, tambayoyinmu ne hirarsa ta duniya. Ya san abin da zai biyo baya, kuma ya kawo kundin da hannunsa. Ni da bakina na jawo, garin neman gira.

Washegari na ɗauki wani shafi na nufi ƙarshen baranda.

"Baba, in lamba ta zo a farkon jimla, yaya ake yi da ita?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Shafi na huɗu ne, 'yata. Ke kika buga shi da hannunki."

Kunya ta rufe ni, na juya zan fita. Sai na ji yana sauke fayilolin ƙasa, da sauri, har wasu suna zubewa.

"Amma zauna," in ji shi. "Zauna in gaya miki yadda aka yi."