Ranar da Kawunta Ya Zo Filin Tanis

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu nake neman auren wata yarinya a unguwar da ke bayan rijiyar Kusugu. Mahaifinta malami ne, zaurensa ba ya rabo da masu ɗaukar karatu. Ni kuwa malamin firamare ne a Sandamu, kullum ina zuwa a kan babur ina dawowa Daura, kuma bayan la'asar ba a samuna ko'ina sai filin tanis na bayan wata sakandare. Filin siminti ne, duk ya tsattsage, ragar ma ɗinkin da ke jikinta ya fi zaren asali yawa.

Ina da zuciya, ba abin ɓoyewa ba ne. Raket biyu, wato abin buga ƙwallon, na karya a filin nan. Shi ya sa tsohon malamin wasannin da ya koya mana tanis ya sa ni gaba da labarin wani zakara ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya daɗe da barin wasa. Yana da kaset ɗin bidiyonsa, hoton har ya dusashe don yawan kallo. Bature ne mai dogon gashi, ya ɗaure goshi da ƙyalle. Ko alƙalin wasa ya zalunce shi ba ya ko ɗaga ido, sai ya juya ya koma layi, ya hura yatsunsa, ya jira ƙwallo.

"Dube shi da kyau," in ji malamin. "An ce yana yaro ya fi ka hauka, sai da aka ƙwace raket ɗinsa aka kulle wata da watanni. Da ya dawo ba a ƙara jin bakinsa ba, har ya gagari duniya, har ya ajiye wasan da ƙuruciyarsa."

Na tambaye shi me ya sa ya ajiye da wuri haka. Ya ce Allah masani, ni dai in koyi shirun.

Da manyana suka kai tambaya gidansu yarinyar, aka ce musu a ba da lokaci za a yi bincike, kamar yadda aka saba. Ita ce ta raɗa mini cewa kawunta aka ɗora wa aikin, wani mai fataucin shanu a Zango, wanda aka ce da kallo ɗaya yake gane saniya mai ciwo tun daga nesa. Hankalina ya tashi, don ina son yarinyar nan so mai tsanani, kuma na san maganar kawun ce za ta yanke.

Na zauna na lissafa laifuffukana, sai na ga babba shi ne gajeren wando. Lokacin kowa a tsarge yake, wa'azi a kowace kusurwa, ana ta maganar al'aura daga cibiya zuwa gwiwa. Na sayi dogon wando na 'yan motsa jiki. Na cire hoton zakaran daga bangon ɗakina, tunda shi ma cinya a waje yake. Sahun farko a masallaci kuwa, har tsofaffin unguwa suka fara yi mini kallon mai neman kujerar ladan.

Wata Asabar muna da wasa da wasu ma'aikata da suka zo daga Katsina. Ina ɗaure takalmi na hango wani dattijo a gindin dogon yaro, ya ɗora malafa a gwiwa, sanda a gefensa. Ba wanda ya gaya mini, amma na san kawun ne.

A filinmu babu alƙali. Kowa shi yake faɗin abin da ya faɗi a ɓangarensa, in ya ce ƙwallo ta fita layi to ta fita, amana ce. Abokin karawata wani ƙaton mutum ne mai yawan dariya. Muna cikin wasa na buga masa ƙwallo ta sauka a kan layi, kowa ya gani.

"Ta fita, Malam!" ya ce.

Na ji abin ya taso mini tun daga ciki. Na tuna da dattijon, na tuna da Baturen kaset. Na juya na koma layi, na hura yatsuna.

Ba a jima ba ya sake. Wannan karon ƙwallon ta shiga da kusan taƙi guda, har abokaina suka yi gunaguni. Suna jira su ji na fashe, don sun san hali. Na sake komawa layi. Zufa tana bin dogon wandon, kunnuwana suna ƙara, ina jin haƙorana suna cizon juna.

Ta uku ita ce ta raba gardama, don da ita ya cinye wasan. Ya ce ta fita, yana dariya. Na taka har raga na ba shi hannu, na ce masa barka. Malaminmu ya rungume ni, ya ce yau na zama mutum. Ni ma na ɗauka na ci jarrabawa, har ina satar kallon gindin bishiyar, amma dattijon ya riga ya tafi.

Bayan kwana tara aka aiko wa manyana cewa a yi haƙuri, Allah bai yi ba. Ban iya cin abinci ba. Ranar kasuwar Zango na hau babur, na same shi a kara yana duba haƙoran wani bijimi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, me aka ce na yi? In wandon ne, wallahi na daina."

"Wane wando?" ya ce. Ya saki bakin bijimin, ya goge hannu. "Ɗana, ni ban san wasanku ba, amma na san layi. Sau uku mutumin nan ya ci haƙƙinka. Da ka ce masa, Malam ji tsoron Allah, da na tashi da farin ciki. Ko zaginsa ka yi, da na ce ƙuruciya ce."

"Haƙuri na yi, Kawu."

"A'a. Na ga hannunka yana rawa har ka bar filin. Mai haƙuri ba ya rawa haka. Ajiya ka yi, kuma mai irin wannan ajiya a gida yake sauke ta. 'Yar ƙanwata ce za ta kasance a gidan."

Ya sa mini albarka, ya koma kan bijiminsa. Na so in yi musu, amma akwai abin da shi bai sani ba. A ranar wasan, da na koma gida kafin magariba, ƙanwata ta kawo mini ruwa a kofi, ta ce, "Yaya, an ci ko?" Ban san lokacin da na maka raket ɗin a jikin randa ba. Randar ta dare biyu, ruwa ya malale tsakar gida. Ita kuwa ta maƙale a jikin bango, ta kare kanta da hannu biyu, kofin yana hannunta bai ko zube ba.