Na Kaɗa wa Baturiya Taken Sarkin Noma

Gidanmu ganga muka gada, gangar noma. Tun zamanin kakana, duk wanda zai kira gayya a unguwanninmu na arewacin Tsanyawa sai ya fara aiko mana da goro kafin ya sa mata su jiƙa gero. Aikinmu shi ne mu bi bayan manoma cikin kunyoyi, muna kaɗa wa kowa takensa. Take kuwa kiɗan mutum ɗaya ne, da shi ganga take kiran sa. Yaro na fara ɗaukar garma mahaifina zai zauna ya tsara masa nasa, shi ke nan ya riƙe shi har mutuwa. Ba a kaɗa taken mutum sai yana wurin, ba a kuma ara wa wani. Na san wannan tun kafin in iya riƙe gula, saboda haka kada wani ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi.

Fari ne ya zo mana shekara a kan shekara. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Wa zai kira gayya a gonar da ko ciyawa ta ƙi fitowa? Makaɗi kuma gonarsa ƙarama ce, don damina a gonakin mutane take ƙare masa, su kuma da kaka su aiko masa da dammuna. Ba kaka, ba dami. Mutanen da na sha rana a bayansu tun ina saurayi, babu wanda ya leƙo ya ce yaya makaɗi yake kwana. Matata tana dafa tafasa da ɗan dusa, 'yata ƙarama ta daina kukan yunwa ta koma kallon mutane kawai. Wannan shirun nata ne ya kore ni daga gida. Na saɓa gangata na hau motar shanu zuwa Ikko.

Dako na je yi. Ina zaune a bakin kara, kasuwar shanu, ganga tana gefena, wani Bayarabe mai jin Hausa ya tsaya ya ce in buga ya ji. Na buga. Ya ce shi manaja ne a wani otal na bakin teku, yana neman masu wasan gargajiya. Ban san ana sayen kiɗa ba tare da noma ba sai ranar.

Baƙin birni irin wannan, in sun ci abincin dare ba barci suke yi ba. Mota ce take kwasar su daga wannan gidan rawa zuwa wancan, Turawa, Indiyawa, Larabawan nan da ake ce wa Kwara, ma'aikatan jiragen ruwa, kowa da abin ɗaukar hoto a wuya. Mu ne zangonsu na farko. Manaja ya karɓe rigata ya ba ni warki, ya kafa mini gashin tsuntsu a ka, ya sa aka zana mini farar ƙasa a ƙirji. Na ce masa ko kakana da bai taɓa shiga masallaci ko coci ba bai taɓa yin wannan shigar ba. Ya ce baƙi ba kakana suka zo gani ba. Na yi dariya na ɗaura. Akwai wani mutumin Gabas da yake haɗiyar wuta, da 'yan mata masu rawa da kwalba a ka, sai ni a tsakiya. Bayanmu masu jita da ƙaho su hau su kai asuba.

Makon farko ba wanda ya kula ni. Ina buga abin da ya zo hannuna, su kuma suna ta hirarsu da kofuna. Manaja ya ce in ban tayar da su ba, ƙofar da na shigo tana nan a buɗe. A daren na tuna fuskar 'yata, sai na ɗaga gula na saki taken sarkin noman garinmu.

Sarkin noma dattijo ne, abokin mahaifina, kuma duk ƙasarmu ba take mai daɗin nasa. Mahaifina ya tsara shi a kan yadda mutumin yake huɗa: ya sa garma a hankali, ya ja, ya juye ƙasa da ƙarfi. Yana fita daga ganga wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi ta ajiye kofinta ta miƙe. Ba ta iya rawa ba ko kaɗan, amma inda garma take juyewa nan take jefa kafaɗa, daidai, ba kuskure. Sauran suka biyo ta. Daga ranar, kullum sai na kaɗa shi, wani lokaci har sau da yawa a dare guda. Na yi rani biyu a haka. Duk motar da za ta hau Arewa sai na ba da saƙo, matata ta sa a auno hatsi. Ba ita kaɗai take ci ba, don a garinmu ba a rufe ƙofa in an sauke tuwo, kuma jikokin sarkin noma suna cikin masu zuwa da akushi.

Wani Alhaji ɗan garinmu, mai kai wake Ikko daga Dawanau, shi ya kawo labarina gida. Ya ce ya gan ni tsirara, da fenti a jiki, ina kaɗa wa mata mashaya taken sarkin noma. Ban taɓa jin ya faɗi abin da ya kai shi otal ɗin ba. Ni dai na gan shi a tebur na kusa da fanka, kuma ba wake yake aunawa ba.

Da ruwa ya dawo na dawo. Ban ko kwance kaya ba aka ce dattawa na nema na a gindin tsamiyar ƙofar sarkin noma. Na je na durƙusa na gaishe su.

Sarkin noma ya ce, "Yaro, gaskiya ne abin da muka ji?"

Na ce, "Baba, tsirara dai ƙarya ce, da warkina. Take kuwa na kaɗa."

"Nawa?"

"Naka, Baba. Shi ne ya fi tashin mutane."

Wani ya yi salati, wani ya ce ashsha. Suna jira in ce a yi haƙuri, na ga alama a fuskokinsu. Da na faɗi kalmar nan da an yi mini faɗa an sallame ni. Amma haƙurin me? Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, shekarun nan da rumbuna suka koma ɗakin ɓera, wa ya aiko gidana da zangarniya ɗaya? Taken nan ubana ne ya yi shi, hannuna ne yake fitar da shi. Na kaɗa, yara sun ci tuwo, har da na gidan nan. In aka sake yin fari gobe, zan sake kaɗawa."

Sarkin noma bai ɗaga murya ba. Ya ce tun da abin ya zama haja, daga yau kada wanda ya sake kai goro gidana. Za a nemo makaɗi daga wani gari. Na tashi na kaɗe gwiwata na tafi. Gadon kakana ne aka zare mini a gaban jama'a, kuma ba ni da wata sana'ar da zan bar wa 'ya'yana.

Gayyar farko a shekarar ta sarkin noma ce, ranar huɗa. Ƙasarmu a matse take, gona na manne da gona, tsakanin tawa da gandunsa layin gamba ne kawai. Suka ɗauko wani makaɗi daga can gaba. Ba zan ci mutuncinsa ba, hannunsa da kyau. Sai dai bai san kowa ba, kiɗa ɗaya yake yi wa jama'a duka, su kuma suna tafiya da garma kamar masu raka gawa. Yunwa ta riga ta cinye musu ƙarfi, ga ƙasa ta yi nauyi.

Matata ta ga na sauko da ganga daga rataye, ta ce, "Malam, ina kuma za ka?"

Na ce, "Gonata."

"Da ganga ake huɗa yanzu?"

Na ce ta sa mini ido. Na je na tsaya a cikin kunyata, dab da gamba, na ɗaure tsirkiya, na saki taken wani maƙwabcina da na gani a ƙarshen sahu yana haki. Mutumin ya ɗago kai ya waiwaya. Sai ya ɗaga garma sama ya yi ihu, ya duƙa, ya wuce mutum biyu kafin su ankara. Na koma kan na kusa da shi. Baƙon makaɗi ya sassauta hannu, can ya yi shiru gaba ɗaya.

Sarkin noma ya tako har bakin iyaka, garma a kafaɗa.

Ya ce, "Ban hana ka ba?"

Na ce, "Baba, ka hana a kira ni. Ba wanda ya kira ni. A gonar ubana nake, kunnuwansu ne suka tsallako."

Ya juya ya dubi mutanensa. Duk sun tsaya, kowa na jiran nasa, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da shi. Ya daɗe yana kallon gandun da ko rabi ba a kai ba, ga rana tana hawa.

Ya ce, "To. Kaɗa na kowa. Amma nawa, kada ka sake taɓa shi. Wanda mata suka yi rawa da shi ba nawa ba ne."

Na ce, "Na ji, Baba."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tafiya a gefen gamba suna tafiya a nasu gefen. Na kaɗa wa kowa, har samarin da suka fara ɗaukar garma ina Ikko na ƙirƙira musu a tsaye. Ƙura ta tashi, mata masu kawo fura suna guɗa. Kafin la'asar saura kunya ɗaya, kuma a al'adarmu kunyar ƙarshe ta mai gona ce, shi kaɗai yake huɗe ta, da takensa, jama'a na kallo.

Ya shiga kunyar ya kafa garma. Sai ya tsaya. Jikinsa ya saba jiran ganga, tun yana saurayi bai taɓa fara wannan kunyar a shiru ba. Mutane suka juyo suna kallo na. Wani ya ce a hankali, "Kaɗa mana, don Allah." Gula tana hannuna, taken yana cin yatsuna. Da dattijon ya ɗaga kai ya ko dube ni da na saki. Bai ɗaga ba, ni kuma na sa gular a hammata. Ya huɗe kunyar tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ake ji sai numfashinsa da faɗuwar ƙasa.

Bayan kwana kaɗan goro ya fara shigowa gidana, da dare, ta hannun mata, daga baya kuma da rana tsaka. Na kaɗa gayyar kowa a shekarar da shekarun da suka biyo, ban da tasa. Muna gaisawa, ina durƙusa masa, yana amsawa. Na so mutumin nan, har yau nakan tuna shi a cikin kunyar nan. Amma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba, shi kuma bai janye maganarsa ba har ya bar duniya. Taken da ya fi kowane daɗi a ƙasarmu, waɗanda suka ji shi na ƙarshe baƙi ne a bakin teku, kuma ko sunan mai shi ba su sani ba.