Lambar Da Na Kashe Ran Juma'a

Har yau idan na ji ƙarar taɓarya cikin turmi sai jikina ya yi sanyi, don ita na fara ji a waya ran nan, kafin muryar tsohuwar. Wallahi ba ƙirƙira na yi ba, ni abin ya faru da ni.

Lokacin ina aiki a unguwar Gaweye, a babban birni, a biro, wato ofishin, wani kamfanin waya na ƙasar waje da ya zo sake kafa antan, dogayen ƙarafan nan na waya, a ƙauyukan da 'yan bindiga suka ƙone. Tagata tana kallon kogi, nakan shagala da kallon kwalekwale har shef, shugabanmu, ya yi gyaran murya. Aikina kuwa shi ne lambobin da suka daɗe ba a yi kira da su ba: in buga wa kowace sau ɗaya, in ba a ɗauka ba in kashe ta, a sayar wa wani.

Ran wata Alhamis da la'asar na buga wata lamba ta wani ƙauye a arewacin Dogondutsi, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke tun da aka ƙone antan ɗinsu. Sai aka ɗauka. Na ji daka, na ji kukan zabi, har kamar ina jin ƙamshin gero.

"Ɗiyata, ke ce mai kashe lambobi?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"To ki bar mini wannan zuwa Lahadi. Ɗana Iliya yana Libiya, ita kaɗai ya haddace. Ƙwaƙwalwarsa kamar rariya take, tun yana yaro."

Na yi dariya, na ce na yi alkawari, na rubuta lambar a littafin da nake rubuta waƙoƙina.

Washegari shef ya duba ordinata, wato kwamfuta, ya ce babu alamar an ɗauki wani kira. "Madmazal, kina mafarkinki ne kamar kullum. Masu kamfani suna jiran jerin nan yau." Na ji kunya, na ce wa raina wataƙila gyangyaɗi na yi. Kwana biyu kacal suka rage zuwa Lahadin da ta roƙa. Na danna, na kashe lambar.

Bayan shekara uku na kai ɗinki unguwar Wadata, wurin wani tela mai yawan shiru. A bangon da ke bayan kekensa na ga lamba rubuce da gawayi, kuma na gane ta, don duk buɗe littafina sai na gan ta. Na ce, "Malam, kai ne Iliya?"

Ya tsayar da keken. Ya ce bayan harin da aka kai ƙauyensu matarsa Rahila ta tsira zuwa sansanin gudun hijira, ta ƙulle layin wayar a bakin zanenta. Kowace Lahadi in an tashi daga majami'a sai ta ari waya ta saka shi, ta zauna jiran kiransa. Shi kuma yana tsare a can Libiya, bai sami waya ba sai wata Lahadi. Ya buga, aka ce masa babu wannan lambar. Ya ɗauka duk sun mutu, ya ƙara shekara biyu bai dawo ba, da ya dawo ya tarar an binne Rahila.

Na tambaye shi wace Lahadi ce. Ita ce, wadda tsohuwar ta roƙa. Na karɓi ɗinkina na fita, har na kai gada ban san na yi tafiya ba.

'Yan uwa, in wani ya roƙe ku jinkirin kwana biyu, ku ba shi, ko da babu shaidar ya roƙa.

Sai bara na yi ƙarfin halin komawa na tambaye shi labarin mahaifiyarsa. Ya ce tana cikin daka aka harbe ta, ranar da aka ƙone antan ɗin. Layin kuwa, in ba Lahadi ba, Rahila ba ta taɓa kwance shi daga bakin zanenta ba.