Jan Ƙarfen da Na Zuba a Azurfar Inna

Da Inna ta rasu ba ta bar wani abin kirki ba. Awaki uku, 'yan tasoshi, da mundaye biyu na azurfa da ta gada wurin tata uwar. Da anka yi rabo awakin sunka zo hannuna, mundayen sunka faɗa hannun yayata mai aure a Tozai. Mu biyu kaɗai Inna ta bari. Ita ce babba, ita ta goye ni.

Lokacin ina da 'yar rumfata ta ƙira a Isa. Babanmu maƙeri ne, amma na baƙin ƙarfe, mai hauya da galma. Ni na raina wannan aiki, na tafi Sabon Birni wurin wani tsohon Buzu koyon ƙirar azurfa. Shekara biyu na yi, munka yi cacar baki a kan abin da yanzu ko tuna shi ba na yi, na kwashe komatsaina na dawo. Haka na yi wa firamare, aji huɗu na tsaya. Haka na yi wa allo. Duk abin da na taɓa a duniya rabinshi na sani, kuma a lokacin ba wanda ya isa ya faɗa mini haka.

Bayan sadakar arba'in yayata ta zo mini da mundayen ƙulle a bakin zane. Sun sha hannu har sun zama sirara, ɗaya ma ta tsage. Ta ce in haɗe su in yi mata guda ɗaya mai ƙwari, wadda ba ta lanƙwashewa, don ita ba matar zama ba ce, ga daka, ga jan ruwa, ga itace. Ta ce kuma in sa wani abu a jiki wanda in ta duba za ta tuna Inna. In kuwa na ɓata su, wai sai ta zane ni kamar yadda ta saba ina ƙarami, ba ruwanta da ɗan gemun da na tara.

Wanda bai san sana'ar ba bari in faɗa mishi. Azurfa tsantsa laushi gare ta. In an yi munduwa da ita aka shiga aiki, sai ta lotsa, ta karkace, ta cinye a hankali. Dole a sa mata jan ƙarfe ta yi ƙarfi. Tsohon da ya koya mini ɗan kaɗan yakan sa, kamar gishiri a miya. Da na narka mundayen Inna a kasko sai na ga abin da ya fito ba shi da yawa. Siririyar munduwa za ta yi, irin ta 'yan mata. Ni kuwa so nake in ta shiga biki a Tozai mata su kama hannunta su tambayi wa ya yi wannan. Ina da guntayen wayar jan ƙarfe cikin gwangwani. Na yanka na zuba, na taka zuga-zugi, na duba, na ga da saura, na ƙara. Kafin in tsaya jan ƙarfen ya kai azurfar yawa, in ma bai fi ta ba. Ban ɗauki ko ƙwayar gero ta azurfar na sa aljihu ba, wannan ina iya dafa Alƙur'ani a kai. Gani nake alheri na yi mata.

Kwana uku ina bugu. Da ta yi siffa na ɗauki ɗan kurfi na zana mata tsagar Inna. Inna Bagobira ce ta gaske, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, daga bakin leɓe zuwa kunne. Haka na jera su a bakunan munduwar biyu, inda suke fuskantar juna. Sannan na dafa ta cikin ruwan tsamiya da gishiri. Tsamiya tana cinye jan da ke bisa ta bar farin, sai ka goge da toka abu ya fito fari tas. Har yau ban sake yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Da ta zo karɓa ta ɗora ta a tafin hannu tana jinjinawa, ta ce ai ta fi da nauyi. Na ce na ɗan ƙara mata ƙarfi. Iyakar abin da na ce ke nan, ita kuma ba ta tambaya ba, don idonta ya kai ga zanen. Ta bi shi da farce tana ƙidayawa, ta share ido da gefen mayafi.

"Ashe dai kana da amfani, auta," ta ce.

Shekara huɗu tana hannunta. Kowace babbar Salla takan biyo ta Isa in wanke mata, ni kuwa in sake dafa ta a tsamiya in miƙa mata fara. Shi ya sa ba ta taɓa ganin jan ba. Sau huɗu ke nan na samu damar in buɗe baki, sau huɗu ina karɓar yabo.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko gero ya yi kai amma ba ido. Ta biyu sau uku anka yi shuka, sau uku rana ta ƙone ta. Mijinta ya tafi kudu cin rani, saƙo ɗaya ya zo, daga nan shiru. Ta sayar da tumakinta, ta sayar da tasoshi, ta kai ga ƙyauren ɗaki. Da kaka ta wuce ba a girbe komai ba, wan mijinta ya tara iyali ya ce a tashi tun da sauran ƙarfi a jiki da sauran jakai biyu, a nufi wajen Funtuwa inda aka ce an samu dawa. Ta ce ita ba inda za ta. Tana da 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba, kuma in ta tashi gonar da gidan sun tafi. Ta ɗaga hannu ta nuna musu munduwa, ta ce wannan za ta kai su damina. Na ji labarin nan a lokacin. Wani ɗan Tozai ya ba ni shi a rumfata yana yaba ƙarfin halinta. Na ce a raina ai ruwa zai zo kafin a kai ga haka.

Ta yi ta jan rai da ganyen tafasa da sauran ganyen da ake samu a daji har bazara ta kama. Sannan ta cire munduwar ta kai kasuwar Bafarawa, inda 'yan sayen azurfa ke shimfiɗa tabarma. Mai sayen ya sa magagari ya ɗan gurza ta daga ciki, ja ya bayyana. Ya tura mata abinta. Ta kai wa na biyu, ya ce in don zanen ne zai ba ta abin da zai sayi tiya uku ta gero. Ita da ta sa rai da buhu biyu.

Washegari da hantsi na ɗaga kai na gan ta tsaye bakin rumfa, da ƙafa ta zo. Na daɗe ban gan ta ba, sai da na sake dubawa. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Ba ta amsa sannu da zuwa ba, ta ajiye munduwar bisa uwar maƙera, ƙarfen da nake bugu a kai, wajen gurzar yana sama.

"Mi kas sa ciki?"

Na fara zagin 'yan kasuwa, na ce ɓarayi ne, sun ga mace cikin yunwa. Ta bar ni na gama.

"Ba su nit tambaya ba. Kai nika tambaya. Mi kas sa cikin azurfar Inna?"

Na faɗa mata. Na ce ita ta ce tana son mai ƙwari. Har yau in na tuna na faɗi wannan maganar sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tunda ni na haɗa, in raba, in fitar mata da azurfarta ko da 'yar kaɗan ce, ba ta son zanen, ba ta son komai.

Ban iya ba. Haɗawa na koya, ban zauna an kai ga rabawa ba. Na bar ta gidana wurin matata, na hau kan kayan wata babbar mota zuwa Sabon Birni, wurin tsohon Buzun da na fi shekara shida ban gaishe shi ba. Na same shi ya tsufa ƙwarai, murhunshi a mace. Ya juya munduwar, ya ce zanen ya yi kyau, hannuna ya faɗa. Sannan ya ce rabawa sai da wani ruwa mai cin ƙarfe da ake kawowa daga Kano, kuma rabonshi da shi tun kafin farin. Ko da an raba ma, azurfa ta cika kasuwa, kowace mace ta cire tata. Ya tambaye ni, a zatona don kwalliya mata ke ɗaukar nauyin nan a hannu? Ya ce don irin wannan shekara suke ɗauka, kuma duk maƙerin da bai san haka ba bai kamata a ba shi wuta ba. Ya miƙo mini ita, bai ce in zauna ba.

Na dawo na ce mata bai yiwu ba. Matata ta auna mata tiya huɗu daga ɗan abin da ya rage muna. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa. A makon nan wani ɗan Maraɗi ya taya uwar maƙerata da zuga-zugi da sauran kayan aiki, tayin da zai iya kai ta damina ita da yaran in an yi tsimi. Aikin ma ya tsaya, wata uku ba wanda ya kawo ko zobe. Tana ɗaure geron ina tsaye, maganar tana bakina. Na ce a raina in na sayar da su, ni kuma in zama wa? Na raka ta har bakin gari, na ce Allah ya kawo sauƙi. Ta ce amin.

Geron bai yi mata sati biyu ba. Ta tashi daga Tozai a mafi munin lokaci, tsakiyar zafi, ba jaki, ba namiji, da yara uku. Bai fi wata ɗaya da rabi ba ruwa ya sauka, kuma damina ta yi kyau. Na ɗauki iri na tafi Tozai, na tarar wani dangin mijinta ya riga ya shuke gonar, ɗakinta kuma ba rufi.

Sai bayan shekara bakwai na gano inda take, wani ƙauye gaba da Funtuwa, tana dakau a gidajen mutane. Na je. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ba cikin gida ba. Ta kawo fura, ta tambayi hanya, ta tambayi damina, ta tambayi mutanen Isa. Yara biyu sunka zo sunka gaishe ni, manyan. Na jira ta ukun har fura ta ƙare, ba ta fito ba, kuma ban iya tambaya ba. Na shirya magana tun daga cikin mota, na fara, na ce Yaya, game da abin nan. Ta ce la'asar ta yi, motar ƙarshe ba ta jira, kada in kwana a hanya. Ta tashi ta naɗe tabarmar ina tsaye.

"Mun gode da ziyara, Malam," ta ce. "A gaida gida."

Ban sake ganinta ba. Labarin rasuwarta ma a bakin wani direba na ji, bayan an yi wata biyu da binne ta.