Gizo-gizo biyar na Kawu Thankachan

Shekara talatin da ɗaya Kawu Thankachan ya yi yana kwandasta a bas ɗin Kottayam zuwa Kumily. Da ya yi ritaya, matarsa Aleyamma kuma ta rasu, sai ya sayo 'ya'yan gizo-gizo guda biyar, irin manyan nan masu gashi da shuɗayen ƙafafu, ya zuba su a akwatin gilashi ɗaya. Irinsu ba sa cin juna. Kullum da safe yana shan baƙin shayi yana jefa musu kyankyaso yana musu faɗa kamar fasinjoji.

Wata uku da suka wuce ɗansa ya ce ya dawo Kochi wurinsu. Surukarsa ta yarda da gizo-gizo ɗaya tak. Kawu ya ce mace yake so, don namiji da ya balaga ba ya daɗewa, mace kuwa sai ta haura shekara goma.

"Na binne Aleyamma, ya isa haka," in ji shi. Ya aika a kira ni, tunda ni ce na gama digiri a ilimin dabbobi.

Hanyar gane jinsinsu ɗaya ce: a jiƙa saɓar da suka yar a ruwan sabulu, a buɗe ta da allura, a duba cikin. Mace tana da wani ɗan leɓe a wurin, namiji babu. Kawu ya ɗauko gwangwanin biskit. Ga saɓar ƙarshe guda biyar, kowace a takardarta da kwanan wata, tsaf kamar tikiti. Awa biyu na yi ina gumi. Mata biyu, maza uku.

"Kawu, wannan ta wane ce?"

"Ta ɗaya daga cikinsu mana."

"Wanne?"

"Ke Neenu, ni da nake gane mutum sittin da kujerunsu? Kowa da wurin zamansa."

"A ina ka tsinci saɓar?"

Ya sosa ƙeya. A rami ɗaya suke shiga su yi, su turo ta bakin ƙofa.

Na ce sai an raba su a kwalabe a jira wata saɓar, wata biyu ko uku. Ya ce motar kaya Asabar za ta zo. "Digirin naki na mene ne, Likita? Juya su ki duba!"

Da na sani ban biye masa ba. Ina buɗe murfin akwatin sai ɗaya ya haye hannuna ya shige cikin riga. Na sandare. Ina jin ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya har wuyana, Kawu kuma yana cewa, "Kar ki motsa, za ki ji mata ciwo!" Har yau ko gashina ya taɓa wuyana sai na zabura.

Ya lallaɓa ya kama shi a kofi. "Wannan ce. Ba ta da kunya, halin Aleyamma sak."

Da shi ya tafi. Sauran huɗun ya bar mini, kowanne a kwalbarsa, a kan teburin da nake rubuta takardun neman aiki. Mako uku da suka wuce ɗaya ya yi saɓa: mace. Jiya wani ya yi. Na duba sau huɗu, har da madubin ƙara girma na aro. Mace.

Matan biyu duk suna wurina ke nan. Tun safe Kawu ya kira ni sau uku. Ban ɗauka ba.